Wanzamin da Ya Daina Tambaya

A garinmu na bakin kogi, can cikin Pennsylvania, inda hayaƙin masana'antar ƙarfe ke mai da farar riga toka tun tana kan igiyar shanya, ba a yi mai cika baki kamar Teofil Zawada ba. Mai aski ne, kuma hannunsa da laushi, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Bakin ne matsalar. In ka zauna a kujerarsa, kafin kumfa ta gama hawa haɓarka ka ji yadda ya taɓa yi wa wani janar aski a jirgin ruwa ana tsakiyar guguwa, da yadda likitoci suke zuwa ta ƙofar baya neman shawararsa. Waɗanda suka zo Amurka a jirgi ɗaya da shi sun san a can ƙasan jirgi ya yi tafiyar yana ta sheƙa amai, amma sai su yi shiru, don aska tana wuyansu.

Shagon ba nasa ba ne. Surukinsa ne ya rasu ya bar wa 'ya'yansa biyu, Pola matar Teofil da ƙanenta Ignacy. Shi Ignacy kabeji mai tsami yake jiƙawa a ganguna cikin wani ɗakin ƙasa mai danshi, ya daɗe yana haɗiye yawu a kan shagon nan na bakin titi. A zamanin, kowane mai zuwa aski yana da kofin kumfarsa, da sunansa rubuce a jiki, jere a kantar bango. In mutum ya yi fushi da wanzaminsa ba ya tsayawa cacar baki, sauke kofinsa kawai yake yi ya tafi. To tsohon kafin ya cika ya yanke magana: muddin akwai kofi ko guda ɗaya a kantar nan, shago na aski ne, ranar da ta zama wayam kuwa, Ignacy ya shigo da gangunansa. Tun daga nan Ignacy bai taɓa fashin zuwa gai da yayarsa da safe ba. Yana gaisuwar, idonsa na kan kanta.

Ana nan, cikin sanyin shekarar 1932, Teofil ya kamu da ciwon wata mujalla mai suna Duniyar Jibi. Takardarta irin mai arha ce da ke barin baƙi a yatsa, bangonta kuma kullum da wani dodo yana ɗauke da mace a sume. A shafin farko an rubuta cewa duk labarin da ke ciki a kan ilimin kimiyya aka gina shi. Yaran gari sun san wannan zaƙin baki ne na talla. Teofil kuwa ya ɗauke shi kamar faɗar likita.

Fitowar watan nan labarin wani masani ne da ya sauka wata duniya inda tururuwa ke mulki, kowace ta kai girman doki, ba sa magana da baki, ƙahonninsu suke haɗawa kowa ya ji abin da ke zuciyar ɗan'uwansa. Ana tsakiyar yaƙi masanin ya tsaya ya yi dogon bayani, wai ƙahon tururuwa da gashin bakin kyanwa da gashin bakin ɗa namiji duk asalinsu ɗaya ne, da shi kakanninmu suke jin zancen zucin juna, sai da aka ƙirƙiro aska ɗan Adam ya kurmance.

Teofil ya hau sama cin abincin rana fuskarsa a murtuke. Ya zauna ya kalli miyar dankali ya ture kwanon.

"Pola, shekara ashirin ina yanke wa mutane kunnuwa ban sani ba."

"Wa ka yanka kuma?"

"Kowa da kowa. Har da fada, limamin cocinmu."

Ya buɗe mujallar ya karanta mata bayanin tun daga farko, yana nuna gashin bakinsa da cokali. Pola ta saurara tana yanka burodi.

"To mu mata fa, da ba mu da shi?"

"Shi ya sa kuke yawan magana."

"Gwaggo Rozalia tana da shi, har ya fi na fada kauri, amma ko sallama sai an yi mata sau uku."

"Ba ta san amfaninsa ba ne. Nata a kwance yake. Eriya in ba a miƙe ta ba ai ba ta kama komai." Ya miƙe tsaye. "Daga gobe shagona zai zama na farko a Amurka da ba a tambayar mutum irin askin da yake so. Ya zauna kawai ya yi tunani, ni in ji. Za ki ga 'yan jarida daga New York suna layi a ƙofar nan."

"Zauna ka sha miyarka, Teofil. Ka ji abin da nake tunani?"

Ya lumshe ido ya murza gashin bakinsa. "Alfahari kike yi da ni."

"Gishiri nake so ka miƙo mini."

Washegari ya fito da gashin baki a miƙe, ya sha kakin zuma, kowane gefe ya nufi sama kamar ƙahon sa. A taga ya kafa allo da manyan baƙaƙe: A NAN BA A TAMBAYA, ZAUNA KA YI TUNANI.

Wanda ƙaddara ta fara jefowa shi ne Walenty, saurayi mai aiki gaban tanderun narka ƙarfe, mai suma nannaɗaɗɗiya da 'yan mata ke waiwaye su kalla. Ya buɗe baki zai yi magana, Teofil ya ɗora masa yatsa a leɓe, ya juya kujerar ta ba madubi baya, wai madubi yana mai da tunani inda ya fito. Walenty daga aiki yake, ga ɗumin murhu, ga tawul mai zafi, nan da nan barci ya kwashe shi. Teofil ya sunkuya ya kusanto da ƙahonninsa ga ƙeyar yaron, ya ji wani abu ya ɗarsu a ransa. Mutumin da ke wuni gaban wuta me zai so in ba iska ba? Ya ɗauki injin aski.

Da aka juyo da kujerar, Walenty ya daɗe yana kallon wani baƙon mutum a madubi, kai tal kamar ƙwai.

"Pan Teofil, ina gashina?" in ji shi, don a unguwarmu Pan ake ce wa babban mutum, kamar a ce Malam.

"Ga shi nan a ƙasa, ba abin da ya ɓata. Iska ka roƙa, na ji ka sarai."

"Ɗan gefen kunne na zo a rage mini."

"Bakinka ke nan. Zuciyarka daban ta faɗa." Ya ɗauko mujallar ya nuna masa hoton mutanen gaba, masu manyan kawuna ba gashi. "Duba nan. Nan da shekara dubu kowa haka zai zama. Kai ka riga su."

"Ni ran Lahadi zan je gaida iyayen yarinyar da nake nema, ba nan da shekara dubu ba."

"To me kake tunani lokacin da nake askin?"

"Barci nake."

"Ka gani. Mafarkinka na kama. Gaba in ka zo ka zauna a farke."

Walenty ya tashi daga kujerar. Ya miƙa hannu ya sauke kofinsa, ya tura hula har kan gira, ya tsallaka titi zuwa shagon Gaetano, Ba'italiyen nan mai aski yana waƙa.

Ba a kwana biyu ba sai ga Mikula mai gyaran takalma, maƙwabcin Teofil, ya faɗo shagon yana haki. Teofil ƙato ne, Mikula kuwa ɗan firit. Kafin ya ce uffan an ɗaga shi an dasa a kujera, an naɗe masa fuska da tawul har baki. Yana ta wutsil-wutsil, Teofil ya danne masa kafaɗa ya rufe ido.

"Tsaya, yana zuwa. Zafi nake ji. Zafi sosai. Ga kuma hayaƙi." Ya girgiza kai cikin tausayi. "Mikula, taba ce ke damunka. Ƙirjinka ne ke kuka."

Bai gama rufe baki ba ruwan bokiti guda ya shigo ta ƙofa ya wanke su duka biyun. Gaetano ne a tsaye da bokiti, bayansa mutanen layin da tukwane. Tartsatsin bututun murhu ne ya faɗa kan rumfar ƙofa, rabinta ta riga ta cinye. Mikula ya fizge tawul ɗin.

"Rumfarka ke ci da wuta, abin da na zo faɗa maka ke nan."

Teofil ya share ruwa daga ido ya dubi jama'a. "Ku shaida ne, na ce zafi ko ban ce ba? Na ce hayaƙi ko ban ce ba?"

"Kowa a layin nan ya ji hayaƙi," in ji Gaetano. "Har dokin mai madara, shi ko mujallar bai karanta ba."

Mikula ya sauke kofinsa, ya haɗa da na wansa da ke kwance asibiti, wai kada ya warke ya faɗo hannun da bai dace ba. Wasu mutum biyu da suka zo kashe wuta su ma suka tuna karin maganar nan ta gemun ɗan'uwa, suka shafa wa nasu ruwa, kowa ya fita da kofinsa a aljihun kwat.

Wani da haka ta same shi zai sauke allon. Teofil sai ya koma ga mujalla ya gano inda gizo ke saƙar: saƙon yana zuwa da rauni ne saboda sanyi ya kori tururuwa daga gari, ba masu ƙara masa ƙarfi. Ya je bayan gidan burodi inda bangon tanda ke da ɗumi, ya haƙo gida guda na tururuwa ya zuba a kwalba, ya ajiye a kantar inda kofuna suka bar fili. Yana ba su sukari, yana haɗa fuska da kwalbar yana musu gaisuwa. Don su saba da shi har ya ƙara zuma a kakin da yake shafa wa mutane. Murfin kwalbar kuwa ya huda shi da ƙusa, wai don tunani ya samu hanyar fita.

Pan Serafin mai shirya jana'iza shi ne ya ɗanɗana kuɗar wannan. Mutum ne da ba a taɓa ganin haƙoransa ba, tafiyarsa ma a hankali take kamar yana bin gawa. Ya zauna aka rufa masa zane, aka shafa kaki, aka ce ya yi tunani. Can sai kafaɗarsa ta motsa. Sai ƙafa. Sai ga Pan Serafin ya yi tsalle ya dire tsakiyar shago yana dukan cinyoyinsa, ya fita titi da zane a wuya da kumfa a fuska yana wata irin rawa da ko a gidan biki ba a taɓa gani ba. Matan da ke layin sayen nama suka juyo gaba ɗaya.

Teofil ya biyo shi yana murna. "Pan Serafin, kai suka zaɓa. Ƙwaƙwalwa mai ƙarfi suke bi."

"A cikin wandona ƙwaƙwalwar take?"

"Daga ƙasa suke farawa, haka tsarinsu yake."

Pan Serafin ya tsaya ya gyara kwala, ya dube shi sama da ƙasa, irin kallon da yake yi wa mutum in zai yanka katako. "Ba na gaggawa, Pan Teofil. Kowa a garin nan ta hannuna zai bi. Ranar taka ni ma ba zan tambaye ka yadda kake so ba." Ya koma ciki ya sauke kofinsa.

Azumin da ake yi kafin bikin Ista bai kai ƙarshe ba kantar ta koma kamar bakin tsohuwa. Ignacy ya fara zuwa gaisuwa da igiyar awo a aljihu. Wata rana Gaetano ya tsallako da kansa, ya cire hula cikin ladabi.

"Abokin sana'a, wata alfarma na zo nema."

"Na sani," in ji Teofil. "So kake in koya maka."

"A'a. Kantata ce ta cika, kofuna har kan taga. Na ga taka ba ta aikin komai, ko za ka ara mini?"

"Wanzami ba ya son jarfa, Gaetano. Kai kana yanke gashi, ni ina buɗe wa ɗan Adam ƙofar da aka rufe tun zamanin kakanni."

"Ka bar ta a buɗe, don Allah. Ta nan suke fitowa su zo wurina."

Da ya tafi, Teofil ya ɗaga kai ya kalli kantar. Kofi ɗaya ya rage, babba mai zanen barewa, na Pan Hieronim Bielak. Nan fa tsoro ya kama shi na gaske, don yana son kujerar nan fiye da yadda ya taɓa faɗa, da ƙanshin sabulu, da ƙarar aska a jikin fata in yana wasa ta. Pola ta sauko ta same shi a haka.

"Teofil, ka sauke allon nan. Ka je gida gida ka ba mutane haƙuri, ka tambaye su yadda suke so kamar kowane wanzami. Ni ba na son in kwana in tashi a saman warin kabeji, kai ma ba ka so."

Ya zuba mata ido, yana ɗaga gira.

"Mene ne kuma?"

"Na aiko miki da amsa."

"Ba ta iso ba."

"Kin gani, ga matsalar nan. Daga nesa nake aikawa. Tururuwa kuwa haɗa ƙaho suke yi, ƙaho da ƙaho." Idonsa ya yi haske. "Pola, na gano. Ran Asabar zan nuna wa garin nan gaba ɗaya. Kofunan da ƙafarsu za su dawo."

Pola ta dube shi, tausayi da haushi suka haɗu mata, ta hau sama.

Shi Pan Hieronim dattijo ne, shi ke riƙe tuta a gaban jerin gwanon Ista, kuma gashin bakinsa abin alfaharin unguwa ne, fari tas, shekara talatin almakashi bai yi masa ɓarna ba. Abin da ya sa bai sauke kofinsa ba, ya tsani surutu, waƙar Gaetano ciwon kai take sa shi. Shagon da ba a magana ya yi masa daidai. Duk jajiberin Ista yakan zo a miƙar masa da gashin saboda jerin gwano, Teofil ya lallaɓe shi ya yarda a yi ɗan gwaji, wai minti ɗaya ne.

Ranar Asabar, jajiberin Ista, titi ya cika, mata da yara ɗauke da kwandunan ƙwai da burodi za su coci a sa musu albarka. Teofil ya jawo kujerar har bakin taga, ya buɗe ƙofa, ya tsaya yana kiran mutane. Walenty ya zo da hularsa, Mikula ya zo, Pan Serafin ya tsaya nesa kaɗan. Gaetano ya jingina da ƙofar shagonsa. Ignacy kuwa a sahun gaba yake da lofe a baki.

A kan murhu akwai gwangwani yana tafasa. Kakin zuma ne da garin tagulla don saƙo ya yi gudu, da tururuwa da aka niƙa, sannan don gashi ya tsaya ƙyam Teofil ya ƙara danƙon da masu kwale-kwale ke toshe ɓaraka da shi. Ya shafa wa dattijon, ya shafa wa kansa.

"Jama'a, Pan Hieronim zai raɗa wa Ignacy abu ɗaya, sannan ya riƙe shi a ransa. Ni kuma zan ɗauko shi daga can, kamar yadda ake yi a duniyoyin da suka fi mu wayewa."

Dattijon ya yi raɗar. Teofil ya sunkuya, hanci ya kusa taɓa hanci, ya haɗa ƙarshen gashinsa na dama da na hagun dattijon, na hagu da na dama, ya matse su da yatsu sosai. Ya rufe ido. Titi ya yi tsit.

"Yana zuwa. Abu ne na ci." Ya ja numfashi. "Kifi. Kifi mai gishiri, da albasa."

"Wannan karin kumallona ne," in ji Pan Hieronim. "A bakina ka ji shi."

Dariya ta tashi. Ignacy ya cire lofe ya ce abin da aka raɗa masa agwagwa ce, wadda za a gasa gobe.

"To ai shi ne," in ji Teofil. "Kifi da agwagwa duk ba a ruwa suke ba? Na shigo unguwar, gidan ne ban kai ba."

Ya yunƙura zai miƙe ya yi wa jama'a bayani, sai kan Pan Hieronim ya biyo shi. Ya koma, kan ya koma. Danƙon ya huce, ya kama kamar dutse.

"Sake ni," in ji dattijon.

"Kai ne ka riƙe ni, ranka ya daɗe. Tunaninka ne ya yi nauyi."

Dattijon ya ja baya, Teofil ya faɗa kansa, kujerar ta juya da su ta zubar da su ƙasa. Suka tashi tare, goshi da goshi, idanu na hawaye. Kowa ya nufi inda yake so, ƙarshe suka fito ta ƙofa a karkace kamar ƙaguwa, suka yi tsakiyar titi, suka ture kwandon wata mata ƙwai ya watse. Pola ta kawo ruwan zafi, ya ƙona hancin dattijon, danƙo ko gezau. Ignacy ya ce a zuba kananzir, yana faɗa yana busa lofe, Pan Hieronim ya rantse duk wanda ya matso da kananzir sai ya karya shi. Ana cikin haka fada ya leƙo daga ƙofar coci don ya ga abin da ya hana mutane shigowa, ya ga manyan mutane biyu suna zagaye a titi baki da baki, ya koma ciki ya rufe ƙofa.

Sai ga Gaetano ya tsallako a hankali, yana goge almakashi a hannun rigarsa.

"Ba makawa sai an yanke na mutum ɗaya. Na wa?"

"Nasa," suka faɗa tare.

"Gaetano, ka yi wa Allah," in ji Teofil a hankali. "Wannan kayan aikin kimiyya ne."

"Wannan kuma gobe zai riƙe tuta," in ji wata tsohuwa daga cikin taron, sauran suka goya mata baya.

Almakashi ya yi ƙas sau biyu, daf da leɓen Teofil. Suka rabu. Pan Hieronim ya miƙe da gashin baki biyu, nasa fari, na Teofil baƙi yana reto a kowane gefe har kusan kafaɗa. Teofil kuwa ya tsaya da ɗan guntun gashi ƙarƙashin hanci, fuskarsa ta yi wani fayau, ya koma kamar yaron da aka kama da satar sukari. Walenty ya cire hularsa ya miƙa masa, ya ce ko zai rufe baki da ita.

Dattijon ya koma cikin shagon, jama'a suka bi shi da ido. Ya tsaya gaban kantar. Teofil ya shigo bayansa, wannan karon da baki ya yi magana.

"Pan Hieronim, tun zamanin surukina kofin nan yake nan. Ka bar shi ko zuwa Litinin ne. Zan tambaye ka yadda kake so, zan tambaya har ka gaji."

Dattijon ya juya. Ya kalli madubi, ya kalli abin da ke reto a fuskarsa, ya sake kallon kofin. Kantar ta yi masa tsawo. Teofil ya daɗe a tsaye, sannan ya miƙa hannu da kansa ya sauko da kofin, ya goge ƙurar da hannun rigarsa, ya ba shi.

"Yau kam ka canka," in ji Pan Hieronim, ya fita.

Talata da safe gangunan suka iso. Mutum huɗu suka ɗauki kujerar aski suka kai ta ɗakin ƙasa inda kabejin ya fito. Teofil ya tsaya a matakala yana kallo, hawaye na bin kumatunsa, ya ce wa Pola tsamin kabejin ne ke shiga masa ido, alhali ba a buɗe ganga ko ɗaya ba tukuna. Pola ta riƙe hannunsa ba ta ƙaryata shi ba.

Ignacy ba mugu ba ne. Yana buƙatar mai tsaron shago yayin da yake can ɗakin ƙasa yana yankan kabeji, sai ya ɗaura wa mijin yayarsa farin zane a ƙugu ya ba shi ludayi. Shagon abu ɗaya yake sayarwa, kala ɗaya, mudu ɗaya. Teofil ya yi mako guda ba ya ɗaga kai. A mako na biyu Mikula ya shigo da kwanonsa, ya buɗe baki, sai ya ga yatsa ya tashi.

"Kada ka ce komai." Teofil ya lumshe ido. "Kabeji."

"To me kuma zan zo nema a nan?"

Aka cika masa kwano. Bayansa Gwaggo Rozalia ta shigo, ita ma aka canki nata, haka matar Pan Serafin, haka duk wanda ya shigo har yamma, ko ɗaya bai kuskure ba. Da za a rufe shago Gaetano ya tsallako da kwanonsa, Teofil ya zuba masa tun bai ƙaraso ba.

"Abokin sana'a, an ce yanzu ba ka kuskure."

Teofil ya jingina da ganga, ya shafa ɗan tsiron da ke leɓensa na sama.

"Wannan fa gashin bai ko fito ba ke nan," ya ce. "Ku dai jira ya fito."